Na jona sifika a bayan monita amma shiru, ina matsalar take?

Ɗan Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana harkar kwamfuta ku taimaka mani, yau kwana huɗu kenan abin nan yana ci mani tuwo a ƙwarya.

Watan da ya wuce na sayi monita ta hannu mai inci 24, na haɗa ta da kwamfutar tebur ɗina da wayar HDMI. Hoto kam masha Allah tas yake fita ba abin cewa, sauti ne matsalar. Tana da 'yan sifikoki a cikinta amma muryar kamar ana magana cikin gwangwani, ko ka ƙure ta in dai fanka na juyawa ba ka ji sosai. Ni kaina zan iya haƙuri dan aikina yawanci buga takardu ne da ɗan gyaran hotunan biki, to amma Baba ne. Bayan isha'i yakan shigo ɗakina in kunna mashi tafsiri da karatuttukan da na tara, kuma kunnenshi ya ɗan yi nauyi yanzu shekaru sun ja, sai ka ga yana ta matso da kujera har kanshi ya kusa taɓa gilashin yana cewa in maida baya bai ji abin da malam ya ce ba. Wallahi abin na taɓa mani zuciya.

Shi ne ranar Asabar na shiga kasuwa na sayo ƙananan sifikoki guda biyu irin masu waya biyu ɗin nan, ɗaya ta USB ɗaya mai siririn kai irin na iyafis. Na sa ta USB a jikin kwamfuta, fitilarta ta kawo, na duba bayan monita na ga rami ɗaya zagayayye na soka ɗayar a ciki, shiru kake ji, muryar na nan tana fitowa daga monita kamar ban yi komai ba. Na gwada sifikokin da wayar hannuna suna yi lafiya lau. To shin ramin monitar ne ya lalace ko ni ne ban iya ba? Sannan akwai wasu manyan sifikoki na katako guda biyu na tsohuwar rediyon Baba a ajiye, rediyon ta daɗe da mutuwa, ko za su yi in na sa aka haɗa masu kai? Kuma ƙannena suna kawo PS4, na'urar buga gem ɗin nan, suna jonawa da monitar nan ranar da ba makaranta, su ma suna son a samu ƙara. Na gode Allah ya saka da alheri.

Mai gyara Sabon Layi

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara wa Baba lafiya ya saka maka da wannan hidima.

Kafin ka ce ramin ya lalace ɗauki tocilan ka haska bayan monitar ka karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinshi. Ina da yaƙinin za ka ga Audio In ko Line In, wataƙila ma da ɗan zobe shuɗi a bakinshi. In haka ne to ramin shiga ne ba na fita ba, an yi shi ne dan masu amfani da wayar VGA, shuɗiyar nan mai haƙora 15 da ake ɗaurewa da sukurori biyu. Ita VGA hoto kawai take ɗauka ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan, shi ya sa masu ƙera monita suke barin wannan rami dan ka jawo sauti da wata waya daban daga kwamfuta zuwa sifikokin cikin monita. Kaga kenan ka je ka tara bokiti a bakin da ake zuba ruwa ne, ba bakin da yake fita ba. Wanda ke fitar da sauti za ka ga an rubuta Audio Out ko an zana hoton hedfon a kai. Wannan kuskuren kusan duk sati sai wani ya kawo mani shi shago yana cewa an sayar mashi da lalatacciya.

Ko da ma a ce na fita ne, ni dai shawarata kar ka bi ta monita sam. Sautin daga kwamfuta yake tasowa, monita 'yar aike ce kawai, kuma abin da ke juya sauti a cikin yawancin monitoci na arha ne, wani lokaci ka ji yana ɗan huci sss in ba a kunna komai ba. Juya kwamfutar ka duba bayanta za ka ga ramuka uku jere, kore da ruwan hoda da shuɗi. Kore shi ne na sifika, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigar da sauti daga waje. Sa a koren, ka tura har sai ka ji ya zauna daram dan da yawa suna barinshi rabi sai ɓangare ɗaya kawai ya yi magana.

To saura abu ɗaya wanda shi ke ruɗa mutane. Tunda da HDMI ka haɗa, Windows ta riga ta ɗauka monita ce sifikarka, can take tura komai. Danna alamar sifika da ke ƙasa kusa da agogo. In Windows 10 ce za ka ga suna a saman sandar ƙara murya, danna shi jerin zai buɗe, in 11 ce akwai 'yar alama a ƙarshen sandar, ita za ka danna. Za ka ga sunan monitarka, za ka kuma ga wani mai ɗauke da Speakers, yawanci da Realtek a gefenshi, shi za ka zaɓa. Shikenan.

Batun manyan sifikokin Baba kuwa, dan Allah kar ka bari wani ya yanke waya ya haɗa masu kan iyafis ya ce maka sun yi. Waɗannan ba su da ƙarfin kansu, rediyon ce ke tura su da amfilifayar da ke cikinta, wato abin da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Abin da ke fita daga koren rami ɗan mitsitsi ne, iyakarshi ya motsa hedfon, in ka jona su kai tsaye sai ka kara kunne kafin ka ji wani abu. Amma ba wai sun zama shara ba, in takardar cikinsu ba ta yage ba tsofaffin sifikokin katako sun fi waɗannan na roba daɗin murya nesa ba kusa ba. Ka duba bayansu za ka ga an rubuta 4 ko 6 ko 8 da wata alama kamar takalmin doki, ka nemi 'yar ƙaramar amfilifaya da ta dace da lambar, irin masu cin wuta 12V ɗin nan, har da batirin sola suna aiki in an ɗauke wuta.

Autan Hajiya

yaya ni fa naga duk wannan wahala ce, ka samu sifika ta bulutut irin wadda ake caji kawai ka huta da wayoyi, in kwamfutar bata da bulutut akwai ɗan abin da ake sokawa a USB ƙarami kamar farce ba tsada, kuma ko an ɗauke wuta tana yi, ni da ita nake kallon ƙwallo a laftof ɗina ko tsakar gida na fita da ita nake tafiya, kuma Baba zai iya ajiye ta kusa da kunnenshi ba sai ya matso ba

Mai gyara Sabon Layi

Auta maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, ajiye ta kusa da Baba dabara ce mai kyau, in sauraron karatu ne kawai ba laifi. Amma bulutut na da jinkiri, sautin na zuwa a makare da ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba, in bidiyo ne wani lokaci sai ka ga bakin malam ya motsa sannan maganar ta biyo baya, a gem kuwa abin ya fi fitowa fili, ka buga ƙwallo sai daga baya ka ji ƙarar. Kuma PS4 ba ta karɓar irin waɗannan sifikokin bulutut na gama gari, za ta gan su amma ta ce ba ta aiki da su.

Na ma manta ban amsa batun PS4 ɗin ba. Tunda monitarka ba ta da ramin fita, hanya mafi sauƙi ita ce hannun gem ɗin kanshi, a ƙasanshi akwai ramin iyafis, su soka wayar sifika a nan su shiga satin na sauti su zaɓi All Audio, sai dai waya za ta riƙa bin hannun mai bugawa kuma yara ka san su da fizge-fizge. Hanyar da ta fi tsafta akwai wani ɗan akwati da ke raba sauti da hoto, HDMI ta shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗayan zuwa monita, shi kuma ya ba ka ramin sauti daban. In ka je wajen masu kayan kwamfuta ka ce masu HDMI audio extractor za su gane, in ba a samu nan Katsina ba masu zuwa Kano suna samowa a Beirut Road. Shi ɗin zai yi maka har da dikoda in wata rana ka so jona ta. PS4 ta farko wadda ta fito 2013 tana da wani ramin fitar da sauti da ake kira optical a baya, amma Slim ta 2016 an cire mata, kuma ƙananan sifikokinka ba su da wajen karɓar optical ɗin ma, dan haka kar wani ya sayar maka da wannan wayar.

Malama daga Daura

Salamu alaikum. Ni ba mai gyara ba ce, koyarwa nake, amma na sha fama da irin wannan da mahaifiyata Allah ya ƙara mata lafiya, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Ɗan uwa abin da Baba ke buƙata ba ƙara ba ce kawai, fitar harafi ne. Lokacin da na ga Inna ba ta jin karatu sosai sai na sa aka kawo mani irin mai guda uku ɗin nan, ƙanana biyu da babban akwati na ƙasa da ake kira wufa, ina ganin ai tunda ya fi ƙarfi ya fi. Muka kunna ɗaki ya ɗauka gum gum har kwanukan kan kabad na rawa, ita kuma ta ce yanzu ne ma ba ta gane komai, tana jin mutum na magana amma kalmomin sun cakuɗe. Daga baya ne na fahimci dalili, kunnen tsofaffi siraran sautuka yake fara rasawa, irin su s da sh da ts da f, su kuwa su ne ke bambanta kalma da kalma, kaurin murya kuma suna jinshi daidai. To in ka ƙara wufa ka ƙara masu abin da dama suna ji ne ya danne wanda suke nema. Da na murɗe maɓallin wufar ƙasa kusan gaba ɗaya na ɗaga na siririn sauti kaɗan sai ta ce yauwa yanzu malam ya fito. Dan haka in za ka sake sayen wasu ka nemi masu maɓallin bass da treble a jiki, wato na kaurin murya da na siririn sauti, ya fi maka amfani a kan girman akwati.

Sai wurin ajiyewa, wannan kyauta ne ba ko kwabo. Kar ka tura su bayan monita ko ka ajiye a ƙasa, ka sa ɗaya dama ɗaya hagu, fuskarsu na kallon inda Baba ke zama, tsayinsu daidai kunnenshi in yana zaune, ko littattafai ne ka ɗora su a kai. Siririn sauti miƙe yake tafiya kamar hasken tocilan, in sifikar na kallon bango ko cikinshi to ya wuce shi. In a tabarma yake zama ka sauko da su kan ɗan benci. Kuma ka lura ko akwai kunnen da ya fi ji da shi ka zaunar da shi ta wannan gefen.

Wani abu kuma, da yawan tsofaffin karatuttukan nan daga kaset aka juyo su, wasu an ɗauka a masallaci da amsa kuwwa, wani murya ƙasa wani sama. A cikin satin na sauti na Windows wasu kwamfutocin suna da wani zaɓi Loudness Equalization, yana ɗago wuraren da murya ta yi ƙasa ya rage inda ta yi sama, ya taimaka mani sosai dan Inna ta daina firgita in mai jan baƙi ya ɗaga murya. Amma kar ka riƙa wuce 100 a VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo ɗin nan, duk da tana bari, muryar fashewa take ta koma kamar ana yaga takarda. Kuma dan Allah in da hali a kai Baba a duba kunnen a asibiti, wani lokaci dauɗar kunne ce kawai ta toshe a wanke a samu sauƙi.

Baba Mai Rediyo

Yaro Allah shi yi maka albarka. Ni tun zamanin kaset nike wanga aiki, abu biyu zan ƙara bisa abin da suka hwaɗi.

Na hwarko kar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga ɗan abu kamar gwangwanin madara an rubuta mashi 1000W ko 2000W, in ka duba da kyau za ka ga PMPO a gefe, wannan lambar talla ce. Wadda ake dubawa ita ce RMS, ita ke nuna ainihin ƙarhin sifika. Kai kanka yi lissafi, tsohon ramin USB wuta 5V yake badawa da rabin amfiya, wat 2.5 kenan, sabon mai shuɗin ciki ya kai 4.5, to ina sifikar da ke shan wuta nan za ta samo wat dubu? Naka ƙanana za su fi na cikin monita, dan su ma na cikin yawanci wat 2 ne ko 3 kuma an matse su cikin siririn jiki suna kallon ƙasa ko baya, amma in ɗakin babba ne sai masu filogin bango.

Na biyu, in akwai tsohon home theatre ko wata rediyo mai rai cikin gida wadda ke da AUX a baya, wato wajen shigar da sauti daga waje, ba ka buƙatar sayen komi sai waya guda, kai ɗaya irin na iyafis ɗayan gefen kai biyu ja da fari. Ka sa ja a ja fari a fari ka maida rediyon kan AUX. Manyan sifikokin mahaifinka ma ana iya ɗaura su nan. Kar ka yar da su, ka danna takardar a hankali da yatsu in ba ka ji tana gurza ba kuma gefen bai ruɓe ba to lahiyarsu lau.

Ɗan Ƙofar Ƙaura

Alhamdulillah jama'a an dace. Yaya mai gyara wallahi kamar kana ɗakin, na haska na ga Audio In ɓaro-ɓaro, na maida wayar koren rami na canza a Windows nan take suka ɗauka. Malama na bi shawararki na ɗora su kan littattafai na juyo su wajen kujerar Baba, jiya ya saurari kusan awa ɗaya yana jingine bai ce a maida baya ba sai sau ɗaya, har ya ce in gaida wadda ta bada wannan shawara. Batun asibiti ma na yi wa babban yayanmu magana. Baba Mai Rediyo na gwada sifikokin katakon kamar yadda ka ce, ɗaya lafiya lau ɗayar gefenta ya ɗan tsage, zan kawo a duba in Allah ya kai mu ƙarshen wata.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo, in muna kan wutar gari ba komai, amma da an tada janareta sai in ji wani zzzz a ƙasa ƙasa ko ba a kunna komai ba, kuma in na motsa mawus kamar yana ɗan canza sauti. Mi ke kawo wannan kuma?

Mai gyara Sabon Layi

Madalla, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan zzz ɗin dattin wuta ne ke biyowa ta wayar USB, tunda sifikar na shan wuta daga kwamfuta kuma sautin ma daga kwamfutar yake zuwa, duk hayaniyar da ke cikinta sai ta zagayo ta fito a sifika, shi ya sa kake jin motsin mawus, ƙaramin janareta kuma wutarshi ba ta da tsafta sai abin ya ƙaru. Cire wayar USB ɗin daga kwamfuta ka sa ta a kan cajar waya mai kyau, ko ma pawa bank in kana da shi wannan ya fi duka shiru, ka bar siririyar a koren rami yadda take. Ka raba wayar sauti da wayoyin wuta kar ka naɗe su tare, ka kuma ɗaga murya a Windows zuwa wajen 80 sannan ka rage ta jikin sifikar, dan in ka yi akasin haka hayaniyar kake ƙarawa. In duk ka yi bai tafi ba akwai ɗan abin da ake kira USB sound card, kamar filash yake da rami kore da ruwan hoda, wani lokaci shi ke raba gardama, amma fara gwada cajar tukuna ka faɗa mani. Kuma in hunturu ya shigo ka ji yana ƙarar-ƙarar in an taɓa wayar, ƙura ce ta shiga ramin, kashe kwamfutar ka hure shi ka goge kan wayar da busasshen ƙyalle.